Wane bugun Attaura mai sharhi ya kamata ka saya?

Yahudawa sun kasa littattafai biyar na Attaura kashi 54, kowane kashi ana ce masa parasha. Duk Asabar ana karanta ɗaya a majami'a, wani makon a haɗa biyu, har a sauke a bikin Simhat Tora, a kuma koma farko a ranar. Littafin da ya haɗa nassin da sharhin malamai shi ake kira Humash, kuma shi mai son bin karatun mako-mako zai nema.

Ni dai nawa shi ne bugun Stone, wanda kamfanin ArtScroll na Brooklyn ya fitar a 1993 ƙarƙashin Rabbi Nosson Scherman. A buɗi guda za ka ga nassin Ibrananci da wasullansa, tsohuwar fassarar Aramiyanci ta Onkelos a gefe, sharhin Rashi a ƙasa, sannan Turanci. Rashi malami ne na garin Troyes a Faransa, ya rasu a 1105, har gobe da shi yara ke fara karatu. Ɗauki parashar Vayera, inda Ibrahim ke zaune a ƙofar alfarwa da tsakar rana. Rashi ya ce kwana na uku ke nan da yi masa kaciya, ciwo na cinsa, amma ya fito yana duba ko matafiyi zai gifta ya shigo da shi. A kan wannan wurin malaman Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa na da, suka ce karɓar baƙo ya fi tarbar hallarar Ubangiji girma. Ranar da na fara karanta shi sai da na ajiye littafin na yi shiru. Irin wannan bayani shi bugun Stone ke kawo maka a sauƙaƙe. Ga haftara, wato karatun annabawa da ke bin kowace parasha, ga kuma littattafan nan biyar na bukukuwa: Esta ta Purim, Rut ta Shavu'ot, Mai-Wa'azi na Idin Bukkoki da sauransu. Sai dai ka sani, fahimtar 'yan Otodoks, wato Yahudawa masu riƙo da tsohuwar koyarwa, zalla ce a ciki, kuma Waƙar Waƙoƙi da ma'anar ishara suka fassara ta, ba kalma da kalma ba.

Akwai wasu bugun kuma. Na Hertz, babban rabbin Birtaniya a lokacin, da aka kammala a 1936, Turancinsa ya tsufa. Etz Hayim na 2001 ya dace da ɗan jami'a mai son binciken tarihi. Na Plaut na 1981 kuwa na 'yan Reform ne, wato Yahudawa masu sassaucin ra'ayi, bai kama ni ba.

Yanzu ga inda na ƙone. Na taɓa yin odar wani Humash a intanet don na ga farashin ya faɗi ƙasa. Bayan sati shida ya iso, ashe hoton tsohon bugu aka ɗauka aka sake bugawa. Ɗigogin wasali sun narke sun zama tabo, ƙananan haruffan Rashi ba sa karantuwa, kuma Farawa, littafin farko cikin biyar ɗin, ne kaɗai a ciki alhali bangon ya ce Attaura. Kuɗin aike ya fi kuɗin littafin, mayarwa kuma ba ta yiwu ba. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka sa mai sayarwa ya turo hoton shafin ciki. Humash galibi daga dama ake buɗe shi, kamar littafin Larabci. Ka tambayi sunan maɗaba'a da yawan juzu'i. In ya fara kame-kame, rabu da shi.

Akwai kuma masu sa haruffan Ibrananci da fitila mai rassa bakwai a bango, ciki kuwa wa'azin wata ƙungiya ce daban. Mafi muni su ne masu tallar "sirrin arzikin Yahudawa" da abin da suke kira littafin Musa na shida da na bakwai, wanda ake gani a teburan masu sayar da littattafai a Najeriya da Gana. Littafin tsibbu ne da aka buga a Jamus a ƙarni na 19, babu majami'ar da ke karanta shi. Littattafan Musa biyar ne.

In aljihu bai kai ba tukuna, shafin Sefaria kyauta ne, akwai Rashi da fassara. Gwada bin parasha huɗu a can, kafin nan ka tara kuɗin na Stone.