Marianne North ko Matilda Smith: wacce mai koyon zanen tsirrai za ta bi?

'Yar'uwa, kin tambaya tsakanin Marianne North da Matilda Smith wacce ta fi dacewa mai koyon zanen tsirrai ta ɗauka abar koyi. Dukansu matan Ingila ne da sunansu ke haɗe da Kew, lambun nazarin tsirrai na Landan, amma aikinsu ya sha bamban ƙwarai.

An haifi North a garin Hastings a 1830. Bayan rasuwar mahaifinta, wanda ɗan majalisa ne, ta fara yawon duniya a 1871 da kuɗin aljihunta, ta je Jamaika da Birazil da Indiya da Ostireliya da Afirka ta Kudu, ba ta ajiye tafiya ba sai wajen 1885. Da fentin mai take aiki, kuma takan zana tsiro a inda Allah ya tsirar da shi, tare da duwatsu da tsuntsaye da hasken wurin. Daga zanenta na wani tsiro mai siffar tulu da ke cin ƙwari a tsibirin Borneo ne masana suka gane cewa ba su taɓa sanin irinsa ba, har aka raɗa masa suna Nepenthes northiana. Ɗakin da ta gina a Kew, wanda aka buɗe a 1882, yana ɗauke da zane fiye da 800, an jera su kusa da kusa har da ƙyar ake ganin bango.

Smith kuwa, wadda aka haifa a birnin Bombay na Indiya a 1854, a zaune ta yi nata aikin. Joseph Hooker, shugaban lambun Kew a lokacin kuma danginta, shi ya jawo ta, kuma daga 1878 ta yi wa mujallar Curtis's Botanical Magazine zane sama da 2,300. A nan ne nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba. Sau da yawa abin da ake ajiye mata a tebur busasshen tsiro ne da aka danne a takarda, ganyen ya yanƙwane, launin furen ya dushe, amma sai ta fitar da shi kamar yau aka tsinko shi, ta kuma zana sassan furen daban-daban a gefe domin masani ya ƙirga su ya bambanta wannan iri da wancan. A 1889, da wani ƙaton fure na Sumatra mai warin ruɓaɓɓen nama ya buɗe a Kew karo na farko, ita ta jure warin ta zana shi. A 1898 aka naɗa ta mai zanen lambun a hukumance, ta farko a wannan muƙami.

Idan burinki mai kallo ya ji yanayin dajin da tsiro ke rayuwa a ciki, North ce malamarki. Sai dai fentin mai yakan haɗiye ƙananan jijiyoyin ganye da gashin kara, alhali da irin waɗannan ake tantance tsiro. Saboda haka shawarata ki fara da Smith: ki ɗauki fensir da reshe guda, ki tsaga furen da reza, ki zana kowane sashe bisa ma'auni kafin ki taɓa launi.