Canjin ruwa kaɗan duk mako, ko babba sau ɗaya a wata: wanne ya fi wa murjani?

Ɗan'uwa, ka ce tankinka na ruwan gishiri lita 200 ne, kana tambaya ko ka riƙa ɗebe kashi 10 cikin 100 duk mako, ko ka bari sai mako huɗu ka canza kashi 40 gaba ɗaya, tunda samun gishirin teku a Katsina sai an yi oda. Ta fuskar gishiri dai babu riba ko asara. Kowace hanya ka bi, lita 80 za ka haɗa.

Ta fuskar datti ma kusan kunnen doki ne. A ce nitret, wanda ke taruwa daga kashin kifi da ragowar abinci, yana ƙaruwa da ppm 2 (wato miligiram 2 a kowace lita) a mako. Mai canza kaɗan-kaɗan, idan tafiya ta miƙa, nasa zai tsaya tsakanin 18 da 20. Mai babban canji kuwa nasa zai hau 20, ya faɗo 12 ranar canji, ya sake hawa. Babban canjin ma ya ɗan fi kwashewa, domin ƙananan canji huɗu kashi 34 kawai na tsohon ruwa suke fitarwa. Kowannensu yana haɗawa da sabon ruwan da ka zuba makon jiya.

Inda suka rabu shi ne alkaliniti, wato kabonet ɗin da murjani ke haɗawa da kalsiyam ya gina ƙashinsa. Ruwan teku yana da kusan dKH 7 (dKH shi ne ma'aunin alkaliniti), kalsiyam wajen ppm 420, magniziyam wajen ppm 1300. Amma gishirin da ake saya a bokiti ba ɗaya ba ne: wani idan ka haɗa zai ba ka 8, wani har 12. To a ce tankinka ya sauka 7, sabon ruwanka kuma 12. Ka zuba kashi 10, ka koma 7.5, murjani bai ma san an yi ba. Ka zuba kashi 40, cikin rabin awa ka tashi daga 7 zuwa 9. Masu kiwo suna gudun motsin da ya wuce 1 a yini, kuma nau'in Acropora, murjani mai tauri mai rassa, ne ke fara nunawa. Bakin rassansa ya yi fari, wani lokaci fatar ta fara saɓulewa daga gindi, ka bar ƙashi tsirara. Nau'in murjani masu taushi sukan jure, su dunƙule kwana biyu su buɗe. Ni dai abin nan ne ya sa nake tare da canjin mako-mako.

Sai dai kada ka ɗora wa canjin ruwa abin da ba zai iya ba. Tankin da murjaninsa ke shan rabin dKH a rana ya sha 3.5 a mako, jarka guda ta sabon ruwa kuwa rabi kacal ta mayar. Ragowar sai ka ƙara da maganin alkaliniti da kalsiyam. Fosfet kuma, wani dattin da ke taruwa daga abinci, yana maƙale a jikin dutse da yashi. Ka canza ruwa ya sauka, bayan 'yan kwanaki dutsen ya sake sako shi. Wannan ko babba ko ƙarami ba ya warkar da shi.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Da hunturu iska ta bushe, tanki yana ƙafewa da sauri, kuma ruwa ne kaɗai ke tashi, gishiri yana nan. Don haka kafin ka canza, ka cike gurbin da ruwa mara gishiri har ma'auni ya dawo 1.025 ko 1.026 a awon gishiri. A bazara kuma, jarkar da ta yini a tsakar gida ranar Afrilu za ta wuce digiri 30 nesa, tanki kuwa 25 zuwa 26 yake so. Lita 20 mai ɗumi tanki zai shanye ta. Lita 80 fa? Ka bar sabon ruwa ya kwana a ɗaki, famfo ƙarami na juya shi. Kuma ruwan borehol ko na 'yan ga-ruwa sai ya bi ta matatar RO, mai tace sinadaran da suka narke a ruwa, tukuna, in ba haka ba kana iya zuba nitret ɗin da kake ƙoƙarin fitarwa.

Babban canji yana da ranarsa. Wuta ta ɗauke da dare kifi ya mutu a bayan dutse, amoniya, gubar da ruɓewa ke fitarwa, ta tashi, ko wani ya fesa maganin sauro a ɗakin, to nan ba a jira. Ka canza kashi 40, gobe ka ƙara in ta kama, amma ka auna gishiri da zafi da alkalinitin sabon ruwan su zo daidai da na tanki kafin ka zuba.