Ƙari ne ko 'yar saifa? Hoton da ya kamata ka biya kafin a shiga ɗakin tiyata

Kawuna ya je hoton CT saboda ciwon ciki da ya ƙi ji, sai ya dawo da takarda mai wani labari daban. An ga ɗan ƙulli da bai kai rabin goro ba a wutsiyar fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi mai samar da insulin. Kafin magariba gida ya cika, har an fara lissafin gonar da za a sayar. Washegari wani likitan hoto ya sa faifan a kwamfuta, ya ɗora yatsa kan ƙullin, ya ɗora wani kan saifa, ya ce: "Baba, ka ga launinsu ɗaya? Kada a taɓa ka tukuna."

Kusan mutum ɗaya cikin goma ana haifarsa da ƙarin 'yar saifa. Yawanci tana maƙale ne a bakin uwar, inda jijiyoyin jini ke shiga, amma wuri na biyu da ta fi zama shi ne wutsiyar fankiriyas, don dama wutsiyar can ta nufa. Ba ta cutarwa, ba ta bukatar magani. Matsalar ita ce tana shan jini sosai, haka ma wani nau'in ƙari da likitoci ke kira NET, da kansar ƙoda idan ta bazu zuwa wurin. A hoto duk sai su haska. Saboda haka kowane gwaji za ka biya, tambaya ɗaya yake amsawa: shin ƙullin yana bin halin saifa a kowane yanayi? Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sikanin na yau da kullum, wanda ake shafa man nan mai sanyi a ciki, shi ne mafi araha, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani a nan. Iskar hanji kan rufe wutsiyar. Kada ka dogara da shi.

CT kuwa ya danganta da yadda aka ɗauka. Wanda zai yi aiki shi ne wanda aka ɗauka daki-daki: kafin a sa ruwan allura mai haskaka gaɓoɓi, da lokacin da ruwan ya fara shiga, da bayan ya zagaya. A daƙiƙun farko saifa kan fito rodi-rodi kamar jakin dawa, daga baya ta daidaita. Idan ƙullin ya yi wannan rawar tare da ita, alama ce mai ƙarfi, sai dai ƙarami sosai ba lallai zanen ya fito a jikinsa ba. Tambayi mai ɗauka ko za a yi dukkan matakan, kuma a duba lafiyar ƙodarka kafin allurar. Idan an riga an yi maka, karɓi faifan kansa, ba takardar sakamako kawai ba. Sake karanta shi ya fi sabon hoto sauƙi nesa ba kusa ba.

MRI ya fi CT iya rarrabe nama da nama, kuma babu tururin rediyeshon a cikinsa. Ana ɗaukar gaɓar ta fuskoki da yawa, a kowace a gwada ƙullin da saifa. Akwai wadda ake kira DWI, ka tabbata tana cikin abin da ka biya. Ka kuma tambayi ƙarfin na'urar. Mai tesla 1.5 zuwa sama ake so, ƙananan nan ba sa fitar da ɗan abu irin wannan da kyau. Za ka kwanta fiye da rabin awa cikin ƙara, ana ce maka riƙe numfashi, saki. Dattijon da ba zai iya riƙewa ba, hotonsa zai fito dishi-dishi, kuɗi sun tafi. A ganina, ga mafi yawan mutane, nan ne kuɗi ke biyan bukata.

Inda nake so mai karatu ya buɗe ido shi ne hoton PET, wanda ke nuna inda sinadarin da aka sa ta allura ya taru a jiki, mai amfani da galiyam-68 DOTATATE. Yana da tsada, yana da suna, kuma gwani ne wajen farautar NET a ko'ina cikin jiki. Amma lafiyayyar saifa tana cikin gaɓoɓin da suka fi kowace zuƙar wannan sinadari. Ma'ana 'yar saifar ma za ta haska fes, a karanta ta a matsayin ƙari. Ka biya mafi tsada, ka samo amsar da za ta tura ka gadon tiyata. Amfaninsa yana zuwa ne bayan an tabbatar ƙari ne, ana son a san inda ya kai.

Gwajin da aka yi shi takanas don wannan tambaya tsoho ne, ba shi da kwarjini. Ana ɗibar jininka kaɗan, a haɗa jajayen ƙwayoyinsa da sinadarin tekniishiyam-99m, a ɗumama shi a zafin digiri 49.5 na salshiyas na kimanin minti 20 har ƙwayoyin su ɗan lalace, sannan a mayar maka. Aikin saifa ke nan tun asali, tsince lalatattun ƙwayoyin jini. Duk inda naman saifa yake zai kwashe su ya haska, ƙari kuwa ba ruwansa. Idan an haɗa da SPECT/CT, wato a ɗora hoton hasken sinadarin a kan hoton CT, za a ga daidai wurin. Rauninsa biyu: ƙullin da bai kai santimita ɗaya ba, ko wanda ya manne da uwar saifa, yana iya ɓacewa cikin haskenta, don haka rashin haskawa bai yanke hukunci ba. Na biyu, samunsa. A Najeriya akwai sashen da ke hoto da irin wannan sinadari a Asibitin Koyarwa na Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja, amma sinadarin daga waje ake kawo tushensa, kuma rabin ƙarfinsa na tafiya duk awa 6. Likitanka ya buga waya ya tabbatar suna yin wannan gwajin kuma akwai kaya, kafin ka hau mota.

Idan har yanzu da shakka, sai a zura tiyo mai kyamara da na'urar sikanin a tsininsa ta maƙogwaro zuwa tumbi, a soki ƙullin da siririyar allura a ɗebo nama. A ɗakin gwaji, naman saifa na nuna alamar CD8 a bangon hanyoyin jininsa, NET kuma na nuna kromogranin. Amsa ce kai tsaye, amma akwai ɗan haɗarin zubar jini ko kumburin fankiriyas, kuma sai ƙwararren hannu.

Duk wannan wahala saboda abin da tiyatar ke ci ne. Yanke wutsiyar fankiriyas sau da yawa yakan tafi da saifar gaskiya. Ruwan gaɓar na iya yoyo bayan aiki, ciwon suga na iya biyo baya, kuma wanda ba shi da saifa sai ya yi rigakafi na musamman, zazzaɓin cizon sauro ma ya fi yi masa tsanani. Kawuna MRI aka yi masa, ƙullin ya bi saifa a kowace fuska. Likita ya ce a sake dubawa bayan wasu watanni, aka sake, yana nan yadda yake. Ciwon cikin kuwa olsa ce.