Allon Lamba Huɗu a Arduino: Haɗin Kai Tsaye ko TM1637?

Ɗaliban fasaha a nan Sakkwato, musamman masu aikin kammala karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sun sha tambayata wanne ya fi wajen haɗa allon da ke nuna lamba huɗu da Arduino, wato ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa manhaja: a haɗa kai tsaye, ko a bi ta TM1637, wata ƙaramar na'ura da ke sarrafa allon a madadin Arduino.

Allon lamba huɗu tsirara ƙafa 12 gare shi (ƙafa ita ce ɗan ƙarfen da ake jona waya): 8 na sandunan haske da ɗigo, 4 na zaɓen lamba. Arduino Uno kuwa ƙafafun dijital 14 ne da shi, ka ga saura biyu ke nan. Ga resista 8 masu rage wuta, ga taransista 4 masu aiki kamar makunni, don kada nauyin wuta ya ƙona ƙafar Arduino. TM1637 wayoyi biyu kawai yake ci, CLK mai daidaita lokaci da DIO mai ɗaukar bayanai, ban da na wuta.

Babbar wahalar kai tsaye tana cikin manhaja. Lamba ɗaya ce ke kunne a lokaci guda, Arduino na zagaya su da saurin da ido zai ɗauka duk a kunne suke. Da zarar ya dakata don yin wani aiki, kamar karanta na'urar auna zafi, sai allon ya fara ƙyaftawa. TM1637 da kansa yake wannan zagayen, har da matakin haske 8.

Kuɗi fa? Bambancin bai taka kara ya karya ba. Sai dai resista ko ta ƙone, kowane mai gyaran rediyo na da ita. TM1637 wani lokaci sai an yi oda.

Mai son sanin yadda abin ke aiki, ya haɗa kai tsaye. Wanda agogo ko ma'aunin zafin Afrilu yake son gamawa kafin malami ya karɓi aiki, TM1637 ya fi masa.