Fitilun LED da munka sa a injin casa, ga abin da na gani

Masu ta tambayata kan fitilun LED ɗin nan da munka ɗaura a wurin aiki, amsar a gajarce ita ce suna da kyau kuma sun rage mana shan mai sosai, amma don Allah kar ka yarda da lambar da anka buga a jikin kwali.

Injin casar shinkafa gare mu, ƙarami, a bayan garin Birnin Kebbi ta hanyar Argungu. Da kaka in shanshera ta fara shigowa daga fadama aiki ba ya tsayawa don magariba ta yi, wani lokacin har kiran assalatu ana juye buhu ana awo ana ɗinki, to dole sai da haske mai ƙarfi cikin rumfar injin da kuma filin shanya. A da halojin muke kunnawa, masu siririn dogon ƙwai ɗin nan na wat 500, guda shida. Lissafa da kanka, wat 3,000 kenan, in sun yi awa 10 yunit 30 ya tafi a haske kawai ba a ma tada injin ba. Da munka sauke su munka sa LED na wat 100 guda shida sai abin ya dawo wat 600, awa 10 ɗin nan yunit 6. Tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda lita ta koma, to yanzu in an ɗauke wuta ƙaramin janareta ma yana ɗaukar fitilun duka har da cajin wayoyin yara, ba sai an tada babban na gas ba don haske kawai.

Wani abin da ya burge ni, akwai manya biyu da ke rataye a rufi tun asali, irin waɗanda in wuta ta ɗauke ta dawo sai sun huce tukuna su sake kamawa, ka yi mintoci kana tsaye cikin duhu alhali bel na juyawa kusa da kai. LED kuwa kana canja layi ya kama nan take. Sannan halojin zafi gare shi na bala'i, ƙurar ɓuntu na sauka kan gilashin ka ji ƙauri, kullum gabana na faɗuwa kan gobara. Wannan fargabar ta ragu.

Yanzu ɓangaren da ba daɗi. Kala biyu munka gwada. Akwai masu nauyi, bayansu alminiyom ne mai tsaga-tsaga, an rubuta wat 100. Akwai kuma wasu da wani mai shago ya ce mu gwada, arha, kwalinsu ya sha ado an rubuta 300W da manyan baƙi, amma ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar gwangwanin madara da anka shanye. Mai gyaran wutarmu ya sa musu mita, wallahi ko wat 50 ba su ja ba. Ya kwance ɗaya ya nuna min ciki, ya ce "Alhaji duba nan, ba direba na kirki, ɗan faranti ne kawai sunka manna." Direban nan shi ne ɗan akwatin da ke karɓar wutar 230 ya daidaita ta kafin ta kai ga ƙwayayen, kuma a cewarsa yawancin fitilun da ake kawo masa sun mutu ƙwayayen lafiyarsu lau, direban ne ya ƙone.

Kuma masu arhar nan suna ƙyafta ido. Da ido ba lalle ka lura ba, amma buɗe kyamarar waya ka nuna musu za ka ga layuka baƙaƙe na gudu a fuskar wayar. A ɗaki ko shago wataƙila ciwon kai kawai zai sa ka, amma wurin da ƙarfe ke juyawa abin ya wuce nan, don haske mai ƙyaftawa yana sa ka ga fuli, wato faifan da bel ke zagayawa a kai, kamar yana tafiya a hankali ko ma kamar ya tsaya alhali yana gudu. Ni da kaina na tsaya na kalli fulin injin a ƙarƙashin fitilar na ga kamar baya yake komawa. A daren na sa anka sauke su daga kan injin, yanzu suna can bakin bayi da wurin alwala, can ba abin da ke juyawa.

Masu nauyin ma sai da kulawa. Awa 50,000 da ake rubutawa a kwali lissafin wuri mai sanyi ne mai tsabta, ba ƙarƙashin kwano a Kebbi cikin watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura 40. LED ba ya tura zafi gaba amma bayansa na ɗaukar zafi, tsagogin alminiyom ɗin nan su ke fitar da shi, to in dusa da ƙura sun cike su fitilar sai ta fara dishi-dishi. Mun bar tazara tsakaninsu da kwano, kuma duk ranar da ba a aiki yaro na hawa da burushi ya kakkaɓe. Ka duba an rubuta IP65, 6 ɗin na nufin ƙura ba ta shiga, 5 kuma feshin ruwa ba ya cutar da ita, amma ka duba inda waya ta shiga ma, don nan ne ruwan damina ke bi in ba a ɗaure da kyau ba.

Sai launin haske, wanda ba wanda ya gaya mana. Lambar da ke da K a ƙarshe ita ke nuna launin, mai 6500K fari ne fat har yana ɗaukar shuɗi-shuɗi, kuma yana sa shinkafa ta fi yadda take fari. Wata hajiya da ke sari wurinmu ta dawo da safe tana cewa "Alhaji wannan ba ita na gani jiya da dare ba fa", alhali buhun nan ne dai. Tun daga nan wurin awo 4000K munka sa, mai fari tsaka-tsaki. A waje kuma mai 3000K mai ɗan ja-ja ya fi, don farin yana tara ƙwari, farkon damina shinge ya rufe fitilar, kwaɗi su taru a ƙasa suna ci, kuma inda kwaɗi sunka taru ka san me ke biyo su.

A bakin titi gaban ƙofa mun kafa na sola guda biyu, irin wanda fanel da batir da fitila duk a haɗe suke. Farkon dare ba laifi, har mai shayi ya matso da teburinsa ƙarƙashin ɗaya. Yana da sensa, in ba kowa sai ya rage haske, in mutum ko babur ya gifta ya ƙaro. Matsalarsa fanel ɗin ƙarami ne, lokacin hunturu hazo ya rufe rana ƙura ta kwanta a kai, kafin ƙarfe uku na dare ya zama kamar ba shi, daidai lokacin da mai gadi ya fi buƙatarsa. In an hau tsani an wanke fanel ɗin yana ɗan farfaɗowa. Batirin kuma yana kwance cikin kwanson da rana ke gasawa wuni guda, shi ya sa na uku da za mu ƙara ta bayan fili mai fanel daban zan saya, babba, kuma sai mai shagon ya rubuta min garanti a jikin rasit kafin in ƙirga masa kuɗi.