Ranar da wani dattijo a Manchester ya tambaye ni labarin Sakkwato

Tun da na zo Ingila ban taɓa jin kunya irin ta wata Asabar da ta wuce ba, kuma a shagon tsofaffin fayafayai abin ya same ni. A nan Manchester akwai wata unguwa da ake kira Northern Quarter, inda shagunan faifai suka yi layi a titin Oldham da lungunan da ke kewaye da shi. Na shiga ɗaya daga cikinsu don in fake wa ruwan sama, sai na tarar da akwatunan tsofaffin mujallu a ƙarƙashin tebur, kowace an saka ta cikin leda, an rubuta shekara da wata a jikinta. Ina cikin bincike mai shagon, wani dattijo mai furfura da gilashi rataye a wuya, ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Nijeriya. Ya ce wane gari? Na ce Sakkwato, ina zaton zai gyaɗa kai kawai kamar yadda suka saba.

Sai na ga ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce ai a garinku makaɗin jita Mdou Moctar ya naɗi faifansa na farko a 2008, ko ka san situdiyon? Yana nan har yanzu? Wa ya haɗa masa sautin? Na tsaya kamar an dasa ni. A shekarar da yake magana ina cikin garin, ina yawo a kan babur daga Kasuwar Daji zuwa Mabera, amma ko kusa ban san wani Buzu daga Nijar ya zo ya yi aikin da yau ake labarinsa a Turai da Amurka ba. Na ce masa, Baba, wallahi ban sani ba. Bai yi mini dariya ba. Ya sunkuya ya jawo wani akwati, ya zaro mujallu uku, ya buɗe mini shafukan da aka yi maganar mutumin, ya ce in zauna in karanta, ba sai na saya ba.

A kan wata kujerar katako na zauna na karanta labarin maƙwabcinmu daga alƙalamin baƙi. Cewa bahago ne, cewa da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, cewa waƙoƙin nan da ya naɗa a Sakkwato da irin gyaran murya na waƙoƙin finafinan Hausa sun yi ta yawo daga waya zuwa waya, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsince su ya sa ɗaya a wani faifai da ya tattara daga wayoyin mutanen Sahara. Daga nan hanya ta buɗe, har ya kai ga kamfanin Matador, wanda ya fitar masa da faifai a 2021. Duk wannan a rubuce, da suna da shekara da hoto.

Ni dai son jita a gida na koyo shi. Yayana direba ne, yana bin hanyar Illela zuwa Ƙwanni, wani lokaci har Agadas, kuma duk tafiya sai ya dawo da kaset na kiɗan Buzaye, a ciki har da na Turawa irin su Dire Straits da Jimi Hendrix waɗanda ake so a can. Babu kaset ɗaya da ke da suna a jiki, sai dai a ce "mai jan bango" ko "wanda ya tsinke aka liƙa". Na yi shekaru ina jin sautin mutane ban san sunansu ba. Shi ya sa abin da na gani a shagon nan ya tsaya mini a rai.

Mutanen nan ba sa barin kiɗansu ya bi iska. Mujallar Melody Maker ta fara fitowa tun 1926, NME ta biyo a 1952, kuma a akwatunan dattijon akwai na shekarun 1970 da takardarsu ta yi ja amma ko kusurwa ba ta yage ba. A yau waɗanda masu son kiɗan rok suka fi riƙewa su ne Mojo, wadda aka fara a 1993, da Uncut ta 1997, da Classic Rock. Masu son sauti mai nauyi sun tashi da Kerrang!, masu tara faifai kuma Record Collector ce tasu, inda za ka ga ana muhawara kan bambancin bugun farko da na biyu na faifai guda. Rolling Stone ta Amurka, da aka kafa a San Francisco a 1967, ita ma tana nan. Ni Mojo na fi so, don idan suka ɗauki makaɗi sai su ba shi shafi goma ko fiye, su nemo mai ganga da injiniyan sauti da direban da ya yi jigilar su, kowa ya faɗi abin da ya gani.

Littattafan kuwa sun fi ba ni mamaki. Akwai jerin ƙananan littattafai da ake kira 33⅓, sunan da aka ɗauko daga gudun juyawar faifan garmaho, an fara su a 2003, kowane littafi a kan faifai ɗaya tak, kuma sun haura ɗari da hamsin. Akwai wani marubuci Mark Lewisohn da ya fitar da tarihin Beatles a 2013, kusan shafi dubu, amma a ƙarshen 1962 ya tsaya, wato kafin ma duniya ta san su sosai. Na ɗauki littafin a hannu, nauyinsa kamar bulo. Kuma ba sai kana da kuɗi ba. A babban laburaren birnin akwai sashe guda na kiɗa mai suna Henry Watson, katin shiga kyauta ne, ka ari littafi ka kai gida, har fiyano aka ajiye wanda duk mai so zai zauna ya taɓa. Doka ma ta ce duk abin da aka buga a ƙasar sai an kai kwafi babban laburaren ƙasa, wato British Library.

Kada ku ɗauka komai nasu daidai ne. Sabuwar mujalla ta haura fam shida, idan na juya ta zuwa naira sai hannuna ya yi sanyi. Suna manna faifan CD a bango a ce kyauta ce, alhali yawancin gidaje yanzu babu na'urar da za ta juya shi, nawa suna nan jibge a kan taga. Na taɓa biyan kuɗin shekara na wata mujalla, da shekarar ta cika suka sake cire kuɗi daga asusuna ba sallama, na yi mako biyu ina aika saƙo kafin a mayar mini. Sannan bangon mujallun kullum fuskoki ɗaya ne: Beatles, Bowie, Dylan, Led Zeppelin, a juya a sake dawowa, kamar tun 1980 ba a haifi wanda ya iya riƙe jita ba. Kasuwar ma tana ja da baya. Melody Maker ta rufe a 2000, NME ta daina fitowa duk mako a takarda a 2018, Q ta mutu a 2020.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda suke rubuta namu. Duk wanda ya fito daga Sahara sunansa ɗaya a wurinsu, wai bulus na hamada, wato kiɗan blues irin na baƙaƙen Amurka, ko Tinariwen ne da suka ci lambar yabo ta Grammy a 2012, ko Bombino na Agadas, ko Tal National na Yamai waɗanda kiɗansu na biki ne mai zafi, suna rera Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. Sai a cika shafi da raƙumi da rairayi da rawani, ba a fassara baiti ɗaya ba. Sautin kalangu da na gurmi da ni ina ji na gane, marubucin bai ma san yana wurin ba. Ina karantawa ina cizon yatsa, amma da wane baki zan yi ƙorafi? Shi ya tashi ya je, ya tambaya, ya rubuta iyakar abin da kunnensa ya kama. Mu da muka ji komai ba mu rubuta ba.

Ban ce ba a yi komai a gida ba. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata tun 1975. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi aiki mai yawa kan makaɗa da mawaƙan Hausa. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihin Shata a 2006, kuma mujallar Fim da ya kafa a 1999 ta riƙe labarin masana'antar finafinai. A kudu, Uchenna Ikonne ya tattara tarihin rok na Nijeriya na shekarun 1970, zamanin su Ofege da BLO da Funkees, aka buga a 2016, shi ma kamfanin Amurka ne ya buga. To amma shiga kasuwa yau ka nemi ɗaya daga cikin littattafan nan ka gani. Wanda ke da kwafi ya ɓoye, don ya san halinmu: a ari littafi, a ba wani, wani ya ba wani, ƙarshenta a gan shi wajen mai ƙosai. Mai tura waƙa a bakin kasuwa zai cika maka waya da waƙa ɗari biyar, rabi babu sunan mawaƙi, balle na mai kiɗa ko shekarar da aka yi. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma 'yan amshinsu da makaɗansu suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya da abin da ke cikin kansu. Har yanzu wasunmu na ganin rubutu a kan makaɗi zubar da mutunci ne, amma a motarsu waƙarsa ce ke tashi.

Da zan fita na sayi mujallun nan uku, fam biyu-biyu, dattijon ya ƙara mini da ta huɗu ya ce in na samu labarin situdiyon in dawo in gaya masa. A cikin bas na riƙa tuna rumfar mai jarida da muke tsayawa da safe, mutum goma a kan jarida ɗaya, ana karatu ana gardama, iskar hunturu na kaɗa takardun. Kewar gida ta kama ni sosai.

Da dare na kira Yaya na tambaye shi kaset ɗinsa. Ya ce kwalin ya jiƙe wata damina da rufin ɗaki ya yi yoyo, yara sun warware wasu suna wasa da zaren, saura guda bakwai a cikin wata tsohuwar jaka. Na roƙe shi don Allah ya ɗaga su sama, ya sa ɗansa ya zauna da biro da littafi ya rubuta duk abin da ya tuna: a ina ya sayi kowanne, wace shekara, wa aka ce masa yana kiɗan. Ƙanena kuma na tura masa kuɗin mai, na ce ya zagaya wajen tsofaffin masu situdiyo na cikin gari ya tambaya ko akwai wanda ya tuna wani Buzu bahago da ya zo da jita a 2008. Ya ce zai fara ranar Litinin.