But, kambas ko takalmi mara wuya: wanne ya dace da yawon karkara na wuni guda?

Mai zuwa yawon karkara da motarsa yana iya ajiye takalmi na biyu a bayan mota. Wanda zai hau bas ko jirgin ƙasa ba shi da wannan gata. Abin da ya sa a ƙafa da safe, da shi zai tsaya a tasha, da shi zai ratsa taɓo da duwatsu, da shi kuma zai yi sauri don kada bas ɗin ƙarshe ya tafi ya bar shi.

Ni dai zaɓina takalmin hawan tsauni mara wuya, wanda bai kai idon sawu ba, irin da kamfanonin Merrell da Salomon suke yi. Ba shi da nauyi, kuma nauyin ƙafa ya fi na baya gajiyar da mutum. Lissafin lokacin tafiyar ƙafa da William Naismith, wani mai hawan tsauni ɗan Scotland, ya kafa a 1892 ya ba kowane kilomita 5 awa ɗaya, da ƙarin awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Tafiyar kilomita 15 mai ɗan hawa ke nan ta kusa awa huɗu, ban da hutu, kuma a awa ta ƙarshe ne ake gane darajar takalmi mara nauyi. Ƙasansa na da haƙora masu kama ƙasa a gangare, yana lanƙwasuwa da ƙafa tun ranar farko, a kujerar bas kuma ba ya dafa maka ƙafa. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi tafiyar da ita, a bar faɗin babban yatsa a gaba. Safar ma kada ta zama ta auduga, tana riƙe gumi ta jawo bororo.

Babban but na fata na masu ɗaukar kayan kwana ne. Kambas ɗin gari kuwa, ruwa na taɓa dutse sai santsi.

Inda nake so a buɗe ido shi ne jabu. An taɓa sayar mini da wani a intanet, ƙasansa ya ɓalle ina tsakiyar daji, tasha na can nesa. Tambarin Vibram, kamfanin Italiya mai yin ƙasan takalmi da Vitale Bramani ya kafa a 1937, ruwan ɗorawa ne mai kusurwa takwas, kuma masu jabu sun iya kwaikwayonsa. Haka alamar Gore-Tex: kowa na iya rataya takarda, amma shimfiɗar da ke hana ruwa shiga tana ciki, ido ba ya ganinta. Don haka a duba lambar samfurin da ke jikin harshen takalmin, ta dace da ta kwali. A duba ɗinki, a murɗa ƙasan a ga ko gam zai buɗe baki. Farashin da ya faɗi warwas da hotunan da aka kwaso daga shafin kamfani, duk alamun a ja da baya ne.

Ko na asali yana iya ba ka kunya idan ya daɗe a ajiye. A wasu takalman, tsakiyar ƙasan wata irin roba ce da danshi ke ci a hankali, har ta farfashe ko ba a taɓa sa su ba. Tambayi shekarar da aka yi shi, kuma kada ka biya sai mai sayarwa ya yarda a dawo da kaya.